SAUKAR BAƘI A BIKIN KAMUN KIFI NA ARGUNGU

Argungu gari ne madaidaici a bakin gulbi, cikin Jihar Kebbi. Amma in lokacin bikin kamun kifi ya zo, cikin kwana huɗu kacal ya kan karɓi baƙi dubbai: masunta, da 'yan kokawa, da 'yan dambe, da makaɗa, da 'yan kasuwa, da 'yan kallo na kusa da na nesa. Ɗakunan gari ba su isar wannan taro, saboda haka da yawa a fili su ke kwana, cikin rumfuna da tantuna da gindin motoci. Mafi yawan wahalar da baƙo ke sha a irin wannan taro, ran isowa ya ke jawo wa kansa ita, ko don ya iso cikin dare, ko don ya sauka inda ba wanda ya san da shi. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa mai niyyar zuwa yadda zai iso, da wanda zai nema, da yadda zai kafa masaukinsa, ya ga biki, ya koma gida lafiya.

ASALIN BIKIN

Kabawa mutanen ruwa ne tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi cikin ƙarni na 16, ya zauna a Surame. Bayan da rundunar jihadi ta ci Birnin Kebbi a 1805, sarakunan Kabi suka koma Argungu, aka yi ta gaba tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu har wajen shekara ɗari. A cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tara masuntan ƙasarsa, aka yi gagarumin su domin girmama babban baƙo. Ko da ya ke Kabawa sun daɗe da al'adunsu na gyaran ruwa da fashin ruwa, daga wannan ziyara a ke ƙirga mafarin bikin da aka sani yau. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na 'yan Adam da ya kamata a kiyaye.

Watau ke nan tun asali biki ne na saukar baƙo. Mutanen Argungu sun san haƙƙin baƙo a kansu. Abin da ya rage shi ne baƙo shi ma ya san haƙƙin masu gari a kansa.

KAFIN A BAR GIDA

Abu na farko, a tabbatar da ranar biki. Bisa al'ada a kan yi shi cikin Fabrairu ko Maris, sa'ad da ruwa ya janye, amma ba kowace shekara a ke yinsa ba. Bayan na 2009 ba a sake yi ba sai cikin Maris na 2020. Saboda haka kada mutum ya ɗaure kaya a kan jita-jitar tasha. Ya saurari sanarwar Gwamnatin Jihar Kebbi ko ta Masarautar Argungu a rediyo, ya ji ranar buɗewa da ranar babban su, wadda ita ce ta ƙarshe.

Na biyu, a tafi cikin ayari, kuma ayari ya yi shugaba. Wannan ba sabon abu ba ne. Fataken da suka riƙa ratsa ƙasar Kabi da Yawuri zuwa Gwanja neman goro ba su tashi sai da madugu, da jagaba mai sanin hanya, da malamin da ke riƙe da lissafi. In sun iso zango, madugu ne ke zuwa gaida masu gari, a nuna masa inda za su sauka da rijiyar da za su sha. Ko mutum biyar ne suka haɗa kuɗin mota, ya kamata su fid da ɗaya wanda za a ji maganarsa.

Aikin shugaba na farko shi ne rubuta sunayen 'yan ayari: sunan kowa, da garinsa, da unguwarsa, da lambar wayar wani nasa da ya rage a gida. A yi takardar kashi biyu, a bar ɗaya gida wurin mai unguwa ko wani dattijo, a tafi da ɗaya. Wanda ke da ciwon da ke tasowa, kamar farfaɗiya ko fuka ko ciwon suga, ya faɗa wa shugaba a asirce, ya kuma ɗauki maganin da zai ishe shi.

Kayan da ba a barinsu su ne katin shaida, da tabarma, da bargo, da gidan sauro, da buta, da jarkar ruwa mai murfi, da sabulu, da tocila, da malafa ko laima. Cikin Fabrairu dare ya kan yi sanyi a bakin gulbi, amma cikin Maris zafin rana ya kan kusa awo 40. A riƙe 'yan kuɗi a hannu gwargwadon bukata, gama in taro ya yi yawa layin waya ya kan cushe, biyan kuɗi ta waya ya gagara. Amma kada a tara guzurin ayari duka a aljihu guda.

HANYA DA LOKACIN ISOWA

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu wajen kilomita 50 ne, daga Sakkwato kuwa wajen 100. Mutanen Kano da Zariya da Katsina su kan biyo ta Gusau da Sakkwato. Masu tasowa daga kudu su kan biyo ta Kwantagora da Yawuri da Jega, su ɓullo Birnin Kebbi. Mai zuwa ta jirgin sama zai sauka a filin jirgi na Ambursa, wanda ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ko kuwa a na Sakkwato. Mutanen Jamhuriyar Nijar, waɗanda da yawansu dangin Kabawa da Arawa ne, su shigo ta ƙofofin da hukuma ta sani, kamar Kamba ga masu tasowa daga Gaya, da Illela ga na Birnin Ƙonni, da takardunsu a hannu.

Lalle ne a yi tafiyar da rana. An sha fama da 'yan fashin daji a wasu hanyoyin Zamfara da Sakkwato da Kebbi, saboda haka shugaba ya tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin a tashi. In ya ga ba za a isa kafin magariba ba, gara a kwana a babban gari, a yi sammako.

Mafi kyau ayari ya iso kwana ɗaya kafin buɗe biki, tsakanin hantsi da la'asar. Wanda ya iso da rana ya na ganin ƙasar da zai shimfiɗa tabarma a kai, ya ga rami, ya ga ƙaya, ya ga inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Ya na kuma tarad da masu ba da masauki a farke. Wanda ya iso bayan isha'i kuwa, duk inda aka nuna masa nan zai kwanta, duk kuɗin da aka yanka masa shi zai biya. Mafi wahala duka shi ne mai cewa sai ran babban su zai zo da safe, gama a ranar hanyar shiga gari ta kan cika da motoci, gasar kuwa ba ta wuce kamar sa'a guda. Ya na iya isowa ya tarar har an auna kifi an watse.

A bakin gari a kan tarad da jami'an tsaro suna duba motoci. Direba ya rage gudu, fasinjoji su yi haƙuri, a buɗe kayan da aka ce a buɗe. Kada kowa ya zo da makami ko kayan maye. Binciken nan ba wulakanci ba ne ga kowa, tsaron mai kaya ne da na maƙwabcinsa.

MASAUKI IRI UKU

Masaukin baƙi a Argungu iri uku ne. Na farko ɗakunan haya, watau na otal-otal na cikin gari da rukunin ɗakunan baƙi da Gwamnati ta gina kusa da Matan Fada, inda a ke babban su. Waɗannan kaɗan ne, kuma manyan baƙi su kan cika su tun kafin biki. Mai son ɗaki ya kama tun da sauran makonni, ya riƙe shaidar biyansa. Wanda bai samu ba ya na iya sauka a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ya riƙa yin sammako.

Na biyu gidajen mutanen gari. Wannan shi ne tsohon masauki, kuma ya fi kowane daɗi ga mai dangi ko aboki, domin sai da ɗan gari a kan ci gari. Amma a aiko wa mai gida tun da wuri, a faɗa masa mutum nawa ne, maza nawa mata nawa. Ba daidai ba ne a ce masa mutum uku ne, sa'an nan a sauke masa mota cike.

Na uku fili, inda yawancin masunta da 'yan kasuwa da talakawan 'yan kallo ke kafa rumfunansu. A nan ne aka fi bukatar tsari, domin babu ƙofa, babu zaure, babu mai gida.

SANAR DA KAI

Da ayari ya iso, kada a kwance kaya tukuna. 'Yan ayari su tsaya wurin mota, shugaba ya tafi da mutum ɗaya ya nemi masu kula da masauki na kwamitin biki. In bai gan su ba, ya tambayi ɗan sanda ko dogari, ko ya nemi mai unguwar wurin. Matambayi ba ya ɓata. In ya same su ya yi sallama, ya faɗi garin da suka fito, da yawansu, da abin da ya kawo su, ko su, ko ciniki, ko kallo, da ranar da za su tashi. Ya nuna takardar sunaye, ya ba da lambar motarsu da lambar wayarsa. Sa'an nan ya tambayi abu huɗu: inda aka yarda su sauka, da inda za su ɗebi ruwan sha, da inda makewayi ya ke, da inda ma'aikatan lafiya su ke.

Wanda ya sauka gidan mutum, mai gidansa ne zai sanar da mai unguwa, kamar yadda al'adar ƙasar Hausa ta ke tun da. Wanda ya sauka otal ya rubuta sunansa na gaskiya cikin littafin baƙi.

Wani ya na iya cewa, mene ne amfanin wannan wahala a kan kwana uku? Amfaninta ya na bayyana ran babban su. A ranar mutane dubbai ne ke rugawa cikin ruwa gaba ɗaya, su fito gaba ɗaya, jikinsu duk laka, ba a bambanta wannan da wancan. In mutum ɗaya bai fito ba, ba mai lura sai ayarin da ya san yawansa ya ƙirga ya ga saura ɗaya. In an lura nan da nan, a na iya kiran masu jirage su duba. In ba a lura ba sai dare, an makara. Haka kuma in mutum ya faɗi don zafin rana aka kai shi asibiti ba ya magana, takardar sunaye ce za ta sada shi da danginsa. Baƙon da ba wanda ya san da zuwansa, ba wanda zai san da ɓatansa.

Yara su ne suka fi ɓata. Kowane yaro a sa masa takarda cikin aljihu, mai ɗauke da sunansa da sunan uba da lambar waya. Tun ran isowa a nuna wa kowa wata alama da ba ta gusawa, kamar masallaci ko babban itace, a ce duk wanda ya rabu da 'yan'uwa ya je can ya tsaya. Kada a dogara ga waya kaɗai.

Game da kuɗi, in an ce akwai abin biya na fili ko na ajiye mota, a biya ga ma'aikacin da ke da shaida, a karɓi rasit. Duk babban taro ba ya rasa 'yan damfara masu sayar da inuwar da ba tasu ba. Wanda ya ƙi ba da rasit, a kai maganarsa ga jami'an tsaro, kada a tsaya cacar baki da shi.

KAFA ZANGO

A zaɓi tudu-tudu, nesa da gaɓar ruwa, kuma ba kan hanyar mota ko ta dabbobi ba. A share wurin, a duba ramuka saboda kunama da maciji. A bar rata tsakanin rumfa da rumfa yadda mutum biyu za su wuce da kaya, kuma kada a toshe hanyar da motar asibiti za ta bi. A keɓe wa mata da yara wurinsu, a kewaye da zana, a sa fitila. Kada a bar zango ba kowa. A riƙa yin karɓa-karɓa, ko da yaushe mutum ɗaya ya na gadin kaya.

Abu uku ne ke halaka mutane a zango: wuta, da ruwa mara kyau, da cunkoso.

Wuta. Lokacin biki rani ne, zana da ciyawa sun bushe ƙayau, iska kuwa na kaɗawa. A yi murhu nesa da rumfa, ta gefen da iska ba za ta kai tartsatsi kan zana ba, a ajiye bokitin ruwa ko na yashi kusa, a kashe wuta sarai kafin a kwanta. Kada a ajiye jarkar fetur inda a ke girki. Mai janareta ya ajiye shi a sarari. Hayaƙinsa ya na da guba wadda ba ta da wari, ta kan kashe mutane cikin barci in an kunna shi cikin ɗaki ko tanti a rufe. Haka gawayin da aka shiga da shi ɗaki don jin ɗumi.

Ruwa. Gulbin da mutane dubbai ke shiga ba na sha ba ne. A sha na famfo ko na rijiyar burtsatse, in kuwa babu, a tafasa. Kada kowa ya yi bayan gida a bakin gulbi. Inda babu makewayi, ayari ya haƙa rami, nesa da rijiya da gulbi da aƙalla mita 30, a riƙa rufewa da ƙasa. A wanke hannu da sabulu bayan an kewaya da kafin a ci abinci. In gudawa ta kama wani, a dama masa ruwan gishiri da suga: ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ya riƙa kurɓa, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya ba da jinkiri ba, domin kwalara ta na iya kashe babban mutum cikin yini guda.

Cunkoso. Watannin biki su ne watannin sanƙarau a ƙasashen nan. A annobar 1996 mutum fiye da 11,000 suka rasu a Nijeriya, a ta 2017 kuwa, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, fiye da 1,000. Cutar ta numfashi ta ke yaɗuwa, musamman inda mutane suka cushe cikin ɗaki mara iska. Gara kwana a sarari cikin gidan sauro da a cusa mutum ashirin cikin ɗakin mutum huɗu. Wanda ya ji zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti nan take, kada a ce sai an koma gida.

GA MASUNTA

Masunci baƙo ya na da ƙarin wajibi. Ruwan Argungu ya na da masu shi. Akwai Sarkin Ruwa, mai kula da lafiyar gulbi, akwai kuma Homa, shugaban masuntan Argungu. Matan Fada a rufe ta ke, ba a kamun kifi cikinta sai ran da aka buɗe, shi ya sa kifinta ke girma. Saboda haka shugaban masunta baƙi ya kai gaisuwa ga shugabannin ruwa, ya ji dokokin shekarar daga bakinsu. Kada wani ya jefa koma don gwaji, kada kuma ya shiga ruwa kafin a ba da alama.

Kayan gasa su ne koma ta hannu da gora. Tun ran isowa a duba su, a ɗinke inda ya yage, a gwada gora a ga ba ta shan ruwa, gama ita ce abin hawan masunci, ita ce kuma ma'ajiyar kifinsa. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga don ganin wasu sun shiga. Giwan ruwan da ya ci gasar 2005 kilo 75 ne, na 2020 kuwa kilo 78. Kifi mai wannan nauyi ya na iya jan ƙato ƙarƙashin ruwa. Masunta su shiga biyu-biyu, kowa ya san abokinsa, in an fito a taru wuri ɗaya shugaba ya kira suna.

A kuma kiyaye gaskiya. Cikin 2008 an ƙwace kyautar wanda aka ce ya zo na ɗaya, bayan an gane cewa kifin daga wani ruwa aka kawo shi. Abin kunya irin wannan ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, har garinsu ya ke shafa.

Masu shiga wasannin kabanci, watau tseren jirage da iyo da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, da 'yan kokawa da 'yan dambe, su ma su nemi shugabannin wasansu tun ran isowa, a san da su, su ji ranarsu da wurinsu.

ZAMA DA TASHI

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Ya kiyaye mutuncin masu gari: kada ya shiga gona ko lambu, kada ya sari itacen wani, kada ya ɗauki hoton matan mutane ba da izini ba. In ya sami sarari ya ziyarci Gidan Tarihi na Kanta, wanda shi ne fadar sarakunan Kabi har 1942, aka mai da shi gidan tarihi cikin 1958. A can zai ga makamai da kayan su na mutanen da, ya ƙara fahimtar abin da ya zo kallo.

Ran tashi a cike ramuka, a tara shara, a zuba wa toka ruwa, a mai da abin da aka ara. Shugaba ya kira suna ɗaya-ɗaya kafin mota ta tashi, sa'an nan ya koma wurin wanda ya karɓe su ya yi godiya, ya shaida masa sun tashi cif yadda suka zo. Da an gama babban su kowa ke son fita lokaci guda, ga gajiya, ga dare na gabatowa. Ayarin da garinsu ke da nisa gara ya ƙara kwana ɗaya, direba ya yi barci, a kama hanya da safe.

Allah ya sa a yi biki lafiya, a tashi lafiya, amin.